Ƙofar Lantarki da Bugun Agogo

Jama'a, duk wanda ya ratsa Shahuci a birnin Kano zai ga waya a hannun yaro da babba, ga kuma agogon batir a wuyan hannu. Amma kaɗan ne suka san abin da ke aiki a cikinsu. To, ga bayani.

A Shahuci aka buɗe makarantar koyon aikin shari'a a 1928, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sabo da haka mu ɗauko misali daga zauren alƙali. A ce alƙali ya nemi shaidu biyu. In duka biyun sun tabbatar, ya ce I. In ɗaya ya noƙe, ya ce A'a. Haka wata 'yar na'ura ta ke, wadda masana ke kira ƙofa. Wayoyi biyu ke shigar mata, ɗaya ke fita, kuma ba ta ba da wuta sai wuta ta zo ta duka biyun. Sunanta AND.

Tana da 'yar'uwa mai gardama, watau NAND, wadda ke faɗin kishiyar abin da waccan ta faɗa. Kada a rena ta. Tun 1913 wani Ba'amurke, Henry Sheffer, ya nuna cewa da hukunci irin nata kaɗai ana iya gina dukan sauran. Ku haɗe wayoyinta biyu na shiga, sai ta zama mai juyawa: a ba ta I, ta mai da A'a. Ku sa mai juyawa a bayan wata NAND, ga AND ta fito.

Yanzu ku jera masu juyawa uku, ku mai da amsar ta ƙarshe ga ta farko. Kowace tana ƙaryata ta bayanta, gardama ba ta ƙarewa, wuta na ɗaukewa tana dawowa ba fashi. Wannan shi ne mai bugu, kamar zuciya a ƙirji.

Sai dai bugun nan yakan sauya da zafi ko sanyi, ga shi kuwa Kano ba ta rasa ko ɗaya. Don haka a agogo akan sa ɗan dutsen kwaz, mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Ƙofofi su raba adadin nan biyu, su sake rabawa, har sau 15, sa'an nan tsinke ya matsa daƙiƙa ɗaya.

Yaro mai koyon gyara ya lura: in an sa sabon batir agogo ya ƙi tashi, kada a yar da shi. A fara duba mahaɗin batir, sa'an nan ɗan dutsen nan.