Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake auna sauƙin da majinyaci ya ce ya samu?

TAMBAYA: Ni ma'aikacin jinya ne a wata cibiyar lafiya ta karkara a yankin Matamaye. Yawancin masu zuwa wurinmu da ciwon baya manoma ne da mata masu daka da ɗaukar ruwa. In suka dawo na tambaye su jiki, kowa sai ya ce da sauƙi. Na ji akwai takardun tambayoyi da ake auna wannan da su. Wacce zan ɗauka, yaya ake lissafinta, kuma me lambar take nufi?

AMSA: Zafin jiki yana da na'urarsa, hawan jini ma haka, amma raɗaɗi da rashin barci da kasa sunkuyawa, mai jikin kaɗai ya san su. Ga shi kuma tarbiyyarmu ta hana mutum ya yi ta kukan ciwo gaban wanda ya ba shi magani. Dattijon da bai runtsa ba daren jiya zai ce maka Alhamdulillahi, kuma ba ƙarya ya yi ba, godiya ya yi. Takardun nan an yi su ne don a tambaye shi abin da zai iya amsawa ba tare da jin nauyi ba: kana iya tsayuwa? Ciwon yana tashe ka daga barci?

Wajen zaɓi, fara da ciwon da ke gabanka. Akwai takardu na lafiyar jiki gaba ɗaya, kamar SF-36 mai tambayoyi 36 da EQ-5D mai duba fannoni 5, amma sun fi amfani ga masu bincike da masu tsara manufofi. Kai da layi ke jiranka a ƙofa, abu biyu sun ishe ka. Na farko ma'aunin raɗaɗi daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuma ciwon da ba a iya tunanin wanda ya fi shi. Na biyu takardar Oswestry, wadda aka fara bugawa a Ingila a 1980 musamman don ciwon baya. Abin farin ciki, masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun mayar da ita Hausa, suka gwada ta a kan masu ciwon baya, aka buga aikin a 2019. Ita nake ba ka shawara ka nema. Idan takardar Faransanci ce a hannunku, kowane ma'aikaci yana fassara ta da baki yadda ta zo masa, to kowannenku da tiyarsa yake awo, kuma lambar da kuka samu ba ta haɗuwa.

Oswestry tana da sassa 10: ƙarfin ciwo, kula da kai, ɗaga kaya, tafiya da ƙafa, zama, tsayuwa, barci, kwanciyar aure, cuɗanya da jama'a, da tafiya a abin hawa. Kowane sashe yana da maki daga 0 zuwa 5, jimla 50 ke nan. Ka tara makin, ka raba da 50, ka ninka da 100. Wanda ya sami 18, sakamakonsa kashi 36 cikin 100.

A nan ne ake yawan kuskure, kuma ina so ka kula sosai. Mata da yawa, har da maza, ba za su amsa tambayar kwanciyar aure ba, musamman in mai tambayar sa'an ɗansu ne. Wata kuma mijinta ya rasu, tambayar ba ta shafe ta ba. Kada ka matsa, kada kuma ka rubuta 0, domin 0 yana nufin babu matsala, alhali ita ba ta ce haka ba. Ka tsallake sashen, ka raba da 45. Makin nan 18 sai ya koma kashi 40. Bambancin kamar kaɗan ne, amma idan wannan watan ka raba da 50, wata mai zuwa abokin aikinka ya raba da 45, za ku ga ciwo ya ƙaru a takarda alhali jikin yana nan yadda yake.

Fassarar lambar kuwa: 0 zuwa 20 matsala ce kaɗan, 21 zuwa 40 matsakaiciya, 41 zuwa 60 mai tsanani, abin da ya haura nan kuma ciwon ya kusa hana mutum komai. A Oswestry hawan lamba lalacewa ce. A SF-36 hawanta samun lafiya ne. Ka rubuta wannan a saman takardar don kada wani ya juya.

Amma a ganina, lambar rana ɗaya ba ta da nauyin da ake ɗora mata. Amfaninta yana cikin kwatanta mutum da kansa. Ka rubuta ta a katinsa na asibiti da kwanan wata, in ya dawo bayan mako huɗu ka sake tambaya da kalmomin nan dai, a wurin da miji ko suruka ba sa ji. Raguwar maki 2 a ma'aunin raɗaɗi, ko kusan kashi 10 cikin 100 a sakamakon Oswestry, ita ce aka fi ɗauka a matsayin sauƙin da majinyaci yake ji a jikinsa. Ƙasa da haka yana iya zama bambancin jiya da yau kawai. Ka kuma tambayi aikin da yake ciki. Manomin rake a fadamun Korama da ya zo maka ana tsakiyar sara da ɗauka, in ya dawo lokacin da aiki ya lafa da lamba mai kyau, kada ka yi saurin yaba wa ƙwaya. Wanda bai iya karatu ba, ka karanta masa a hankali, kada muryarka ta nuna masa amsar da kake so. In lambobi sun rikita shi, ka ajiye tsakuwa goma ya ware maka gwargwadon ciwon.

Wani lokaci za ka ga ciwon baya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mutum kuma ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane. Nan PHQ-9 take da amfani, ita ce ta auna baƙin ciki mai tsanani, kuma kyauta ake amfani da ita. Tambayoyi 9 ne kan makonni 2 da suka wuce, kowacce 0 zuwa 3, jimla 27. Maki 10 ko fiye alama ce a zauna a bincika, ba hukunci ba ne cewa ga cutar. Tambaya ta 9 kuwa, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a jiran jimla a kanta. Ko 1 ya ba ka a wurin, ka ajiye alƙalami ka saurare shi, ka sanar da shugaban cibiyarku, a haɗa shi da likita a asibitin Matamaye a ranar.

Haka ma mai ciwon baya da ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko fitsari yake kufce masa, ko yake rama da zazzaɓi. Wannan ko lambarsa ta Oswestry 10 ce kacal, ka rubuta masa takardar turawa, in ta kama har babban asibitin Damagaram.