Yadda Ake Zaɓen Ƙaramar Kyamara Mai Faɗin Allon Haske

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa ranar hawan Sallah a birnin Katsina, sa'ad da tawagar Sarkin Ruma, Hakimin Batsari, ko ta Yariman Katsina, Hakimin Safana, take wucewa cikin hasken hantsi, ya san waya ba ta gazawa da rana. Amma idan aka zo walimar saukar Alƙur'ani bayan magariba, ko ɗaurin aure cikin zaure mai taga ɗaya, sai fuskoki su fito dishi-dishi, rawunan dattawa su cakuɗe da bango, har mutum ya kasa bambance wa da ƙane. Illar ba daga hannun mai ɗauka take ba, daga ƙanƙantar allon karɓar haske take, wato ɗan abin nan da ke bayan idon kyamara, wanda 'yan kasuwa ke kira sensa.

Tun zamanin Alhasan ɗan Haisam, masanin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, wanda ya bayyana cikin Kitabul Manaziri yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya zana surar waje a bangon ɗaki mai duhu, asalin al'amarin bai sāke ba: hoto haske ne da aka tara. Wanda ya ajiye baho a tsakar gida lokacin ruwan sama ya fi wanda ya ajiye moɗa samun ruwa, ko da kuwa ruwan yayyafi ne; haka allo mai faɗi yake fin ƙarami tara haske.

Mataki na farko shi ne ka tsayar da niyyarka tun kafin ka kama hanyar kasuwa, ka san aikin da kyamarar za ta yi maka. Mai ɗaukar hoton biki da suna, da malamin gona mai son nuna cutar da ta kama ganyen rogo, da ɗan jarida mai kai rahoto daga Ruma ko Runka, bukatunsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai san bukatarsa ba mai shago ne zai zaɓa masa.

Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin maganar, ka tambayi girman allon, kada ka bari a ruɗe ka da yawan megafiksel. Tsofaffin ƙananan kyamarori da wayoyi masu sauƙin kuɗi allonsu bai wuce kimanin milimita 6 da 4.5 ba. Wanda ake kira mai inci ɗaya milimita 13.2 ne da 8.8, ya ninka wancan sama da sau huɗu a faɗi, shi ne kuma kamfanin Sony ya sa cikin RX100 a 2012, Canon ya biyo baya da G7 X a 2014. Sama da shi akwai na Panasonic LX100, milimita 17.3 da 13. Sannan wanda ake rubutawa APS-C, kimanin 23.5 da 15.6, irin na Ricoh GR III da Fujifilm X100V. Megafiksel ashirin a kan allo mai faɗi sun fi hamsin da aka cunkusa a kan ƙarami albarka cikin duhu, domin hasken da aka tara gaba ɗaya ya fi yawa, launi kuwa ya fi tsabta. A ra'ayina, mai inci ɗaya ya wadatar da galibin mutanenmu, saboda yana shiga aljihun riga, kuɗinsa kuma bai kai na manyan ba.

Na uku, ka dubi rubutun da ke zagaye da idon kyamarar, inda za ka ga harafin f da lamba, wadda ke nuna faɗin ƙofar haske, kuma hisabinta a juye yake: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon buɗewar ƙofar. Mai f/1.8 tana shigar da haske fiye da ninki biyu na mai f/2.8. A nan ne mai saye zai yi tarjihi tsakanin alheri biyu, gama RX100 ta uku tana buɗewa har 1.8 amma ba ta jawo nesa sosai, alhali ta shida, wadda ta fito a 2018, tana jawo mahayi daga can ƙarshen fili amma ƙofarta daga 2.8 take farawa. Ricoh da Fujifilm da muka ambata ba sa jawowa ko kaɗan, sai mai su ya taka da ƙafarsa. Idan mafi yawan aikinka cikin ɗaki ne da dare, ɗauki mai buɗaɗɗiyar ƙofa. Idan na fili ne da dawaki, ɗauki mai jawowa.

Na huɗu, batir. Ƙananan nan ba su cika wuce hoto ɗari biyu zuwa ɗari uku a caji ɗaya ba, wuta kuwa a ƙauyukanmu sai an dace, don haka ka nemi wadda ake cajinta da igiyar waya, ka haɗa da batir na biyu.

Na biyar shi ne gwaji, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya natsu, musamman idan ta hannu zai saya a shagunan titin Beirut a Kano ko wajen masu kawowa daga Ikko. Idon irin waɗannan kyamarori yana fita yana komawa, kuma ba a cire shi, saboda haka ƙurar hunturu da ta samu shiga takan zauna a kan allon, ba ta fita sai an kwance na'urar gaba ɗaya. Ka tafi da mimorinka, ka matse ƙofar hasken zuwa f/8 ko f/11, ka ɗauki hoton farar takarda ko sararin sama, sa'an nan ka faɗaɗa hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi suna maimaituwa a wuri ɗaya cikin hoto biyu, ajiye ta, kome rahusarta. Daga nan ka shiga can ƙuryar shagon inda haske ya yi ƙaranci, ka ɗauki fuskar mutum ba tare da walƙiya ba, ka ga ko gashin gira ya fito ɗaya-ɗaya. Ka kunna ta ka kashe sau da yawa kana sauraron motsin idon, don wanda ke ƙara ko cijewa yashi ya riga ya shige shi. Kada ka biya sai an rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar jikinta, domin kariya daga shubuhar kayan sata.

Idan Allah ya sa ta zo hannunka, ka ɗinka mata jaka mai zif, kada ka goge idonta da bakin riga, kada kuma ka bar ta cikin mota a zafin bazara.

Akwai kuma ladabi, wanda halin rashin tsaro da yankinmu na bakin dajin Rugu ya shiga ya ƙara wa nauyi: kada ka ɗauki shingen jami'an tsaro, kada ka ɗauki matan aure ko wanda musiba ta raba da gidansa sai da izini bayyananne, kada kuma ka watsa hoton da zai nuna dukiyar wani ko hanyar gidansa. Ɗan'uwa, in kuɗinka bai kai na mai inci ɗaya ba a bana, ka haƙura da wayarka ka ci gaba da tari, kada ka sayi mai ƙaramin allo don ganin ta yi araha.