DARASIN KIMIYYA: Yadda Ake Koyon Hoton Asibiti

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa (SAW), darasinmu na wannan fitowa yana kan hoton asibiti. Da yawanmu mun taɓa raka iyayenmu Korle Bu ko Komfo Anokye domin hoton ƙirji ko sikanin ciki. To, wa ke tabbatar da cewa na'urorin nan ba su cutar da majiyyaci? Masanin fiziks na asibiti ne, kuma iliminsa ba ya samuwa da hadda kaɗai, sai da gwaji.

Na farko: Eksire. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano wannan haske a 1895. Ƙashi yana tare shi fiye da tsoka, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoto. Amma idan ya yi yawa yakan lalata ƙwayoyin jiki. A jami'a malami yakan ba ɗalibi ma'auni, ya auna ƙarfin hasken a nisan mita 1, sannan a mita 2. Sai ya ga ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ya gitta farantin dalma, ya ga ya ƙara faɗuwa. A nan zai gane dalilin da ma'aikaci ke ja da baya yana sanye da rigar dalma. Gani ya kori ji.

Na biyu: Sikanin. Wannan da sauti yake aiki, irin wanda kunne ba ya ji. Gudunsa a cikin tsoka kimanin mita 1540 ne a sakan ɗaya. Na'ura tana aika shi, ya bugi abu, ya dawo kamar amsa-kuwwa. Ɗalibai kan daskarar da jelatin a roba, su binne ɗan zaitun a ciki, su nemo zurfinsa: gudu sau lokaci, a raba biyu, domin sautin ya je ya dawo. Sannan su yanka jelatin su auna da rula, su ga ko lissafi ya yi daidai.

Abin lura: ana koyon nan a kan jelatin da roba ne, domin kada ɗan koyo ya yi kuskurensa a jikin mutum. Jikin majiyyaci amana ne.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra, marubucin Kitabul Manazir, da gwaji ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido mu gani. A nan Gana ma, Jami'ar Legon tare da Hukumar Makamashin Nukiliya da ke Kwabenya suna koyar da wannan fanni. Saboda haka kada ɗan zango ya guje wa lissafi da fiziks. Iyayenmu mata suna bukatar 'ya'yansu, maza da mata, a bayan na'urorin nan.

Tambaya: idan ɗalibi ya matsa zuwa mita 3, kashi nawa na hasken zai rage masa?

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.