DARASI: ƊAGA BAYAN BABUR KO SAUKE SHI, DA YADDA AKE ƘERA ƘARAFAN HAƊI

 

Darasin wannan fitowa a kan babur ne, wato moto kamar yadda muke cewa nan gida. Kowa ya san yau babu falken shanu marar babur. Da shi ake shiga ruga a ga dabba tun kafin ranar kasuwa, da shi ake bin masu koro da ruwa da guzuri, da shi ake rutsa Mai'aduwa ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis. To amma babur bai zo daidai da ƙafar kowa ba. Wani ya yi mishi tsawo, cikin rairayi ƙafarshi ba ta kai ƙasa. Wani kuma da ya ɗora kaya sai cikin injin ya riƙa dukan kututture. Shi ya sa ake zuwa wurin masu walda a ce a ɗaga ko a sauke.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya samu wani yarona, ɗan ƙanena. Ya sayi babur irin dogayen nan na daji da ma'aikatan furoje ke sayarwa in sun tsufa. Shi kuwa gajere ne. Sai ya kai wurin wani mai walda, ya yanke ƙarafan ƙasan shoka biyu, ya saka guntun ƙarfe tsakani, ya liƙe, ya shafa baƙin fenti. Kwana goma sha ɗaya aikin ya yi. Ran na sha biyu yana tafiya wata kasuwar daji da buhun kanwa a baya da kuɗɗin bijimai uku a ƙugu, ya faɗa wani rami, waldar ta ɓalle. Bayan babur ya zauna bisa taya, taya ta cije, ya yi sama ya faɗo da kafaɗa. Makiyaya ne suka tsince shi bayan la'asar. Allah ya tsare kuɗɗin mutane, amma ƙashin kafaɗa ya karye, ya yi wata biyu bai taka kasuwa ba. Tun daga nan na zauna da bakanikai na koyi abin da zan faɗa muku.

1. Ka san irin baburanka

Bayan babur iri biyu ne. Akwai mai shokazoba biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar Boxer da galibin ƙananan baburan da kabu-kabu ke hawa. Akwai kuma mai shoka ɗaya a tsakiya, ƙarƙashin sirdi. Cikin masu shoka ɗaya, wasu an ɗaure shokar kai tsaye a hannun da ke riƙe da tayar baya, wasu kuwa akwai haɗi tsakani: wani ƙarfe mai lilo, da ƴan ƙarafa miƙaƙƙu masu huji a kowane kai. Turawa na kiran miƙaƙƙun nan ƙashin kare, don siffarsu. Kamfanin Honda ya fito da nashi tsarin mai suna Pro-Link a 1981, Suzuki ya kira nashi Full Floater, Kawasaki kuma Uni-Trak. Ka duƙa ka leƙa ƙarƙashin naka. In ka ga ƴan ƙarafa biyu tagwaye, ɗaya kowane gefe, su ne muke magana a kai.

Ƙarafan nan kamar agarar ƙafar sa suke. Ƙanana ne, amma duk nauyin baya, da kai da kayanka, a kansu yake ja. In agara ta tsinke, komai girman sa sai ya durƙusa.

2. Kafin ka taɓa ƙarfe

Sau da yawa babur ba ya bukatar ƙira, shokarshi ce ta gaji. In ka ga mai na tsatsa a jikinta, ko ka danna baya ya riƙa lilo bai tsaya ba, to sabuwar shoka kake bukata. In lafiyarta lau, duba zoben da ke matse sifirin. A masu shoka biyu galibi mataki biyar gare shi, a mai shoka ɗaya kuwa zobe ne mai zare. Ƙa'ida ita ce in ka hau da kayanka na kullum, baya ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar shoka, ko ƙasa da haka kaɗan. In ya zarce, matse sifirin. Gajeren mutum kuma ya fara da rage soson sirdi wurin mai ɗinkin kujera. Santimita 2 ko 3 da za ka samu nan ba su taɓa lafiyar babur ko kaɗan.

In duk wannan bai isa ba, sannan a zo ga ƙarafan haɗi. In akwai na kamfani a kasuwa, saye ya fi ƙira. In babu, ga yadda za a yi.

3. Awo

A mafi yawan babura, in ka ƙara ma ƙarafan tsawo baya na sauka, in ka rage su baya na tashi. Amma akwai waɗanda abin ke juyewa, don haka sai an gwada. Kuma ku riƙe wannan da kyau: ɗan abin da ka ƙara a ƙarfe yana ninkuwa a sirdi, sau uku ko sau huɗu a galibi. Mai waldar da ya yi ma yarona aiki bai san haka ba, ya ƙara faɗin yatsa biyu, bayan babur ya faɗi har taya na shafar madigadi tun ba a ɗora kaya ba.

Ka aza babur bisa turmi ko akwati mai ƙarfi ta ƙarƙashin inji, tayar baya na lilo. Ka yi alama a jikin firam daidai saman ƙusar taya, ka auna daga ƙusar zuwa alamar, ka rubuta. Ka kwance ƙarafan, ka auna tazararsu daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji, da milimita. Kada a auna daga kai zuwa kai. Sai ka samo ɗan falle na gwaji, ko katako mai ƙwari ne, ka huda shi da ƙarin milimita 5, ka ɗaura, ka sake awo.

Misali: na asali milimita 120 ne, na gwaji 125, sai ka ga baya ya sauka milimita 20. Ke nan kowace milimita ɗaya na ba ka huɗu. In santimita 3 kake son saukewa, wato milimita 30, sai ka raba da huɗu, ka samu bakwai da rabi. Sabon ƙarfenka zai zama 127 da rabi. Na gwajin nan don awo ne kawai, kada wanda ya hau babur da shi ko da cikin gida ne. Shawarata kuma, ko sama ko ƙasa kada a zarce santimita 3.

4. Irin ƙarfen

Falle guda ake so, baƙin ƙarfe sabo wanda bai taɓa shiga wuta ba, babu tsatsa, babu lanƙwasa. Kaurinshi da faɗinshi kada su gaza na asali. In na asali milimita 6 ne kuma akwai wuri, sa mai 8, don ƙarfen kasuwa bai kai na kamfani ƙwari ba. Abubuwa huɗu ku guje su: ƙarfen da aka yanke aka liƙe da walda, rodin gini da aka buga ya yi faɗi, sifirin mota da maƙeri ya gasa don ya hudu, don wuta na ɓata mishi hali ya koma karyewa farat ɗaya, da kuma sanholon da ake zuba tukwane da shi. Araha ba ta ado.

5. Huji da ɗauri

Ka haɗa fallayen biyu, ka matse su wuri ɗaya, a huda su tare da injin huji na tsaye. In aka huda ɗaya ɗaya, sai wani ya fi wani da rabin milimita, gajeren ya ɗauki nauyi shi kaɗai. Kada a ƙona huji da wutar walda. Hujin ya zama daidai kaurin ƙusa, ta shiga ba ta rawa. Daga tsakiyar huji zuwa bakin ƙarfe a bar aƙalla kaurin hujin sau ɗaya da rabi, sau biyu ya fi. A kewaye kusurwoyi, a goge duk wani tsagi da magagari, don daga ɗan tsagi tsagewa ke farawa. A shafa fenti saboda damina.

Ƙusoshi kuwa, na asali sun fi in lafiyarsu lau kuma tsawonsu ya kai. In za a sake, duba kan ƙusa, akwai lamba. Kada ka karɓi ƙasa da 8.8, in ka samu 10.9 ya fi. Marar lamba ta ƙofar gida ce. Santsin jikin ƙusa ne ya kamata ya ratsa ƙarfe, zaren ya fito waje. Noti sabo mai roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da girgiza. Tunda an buɗe wurin, a wanke boris da bushi, a cika su da giris, wanda ya ci a canza shi. Bayan ɗauri ka ɗaga taya da hannu ka sake ta, ka tabbata babu inda ke cijewa ko gugar wani abu.

6. Abin da ke biyo baya

In ka sauke baya: taya ta matso kusa da madigadi. Ka manna curin yumɓu a cikinshi, mutum biyu masu nauyi su hau su yi ta dannawa, ka duba ko taya ta taɓa yumɓun. In ta taɓa, ka sauke da yawa. Cikin inji ya kusanci ƙasa, sai a kula da kututture da bakin kwalbati. Sandar jingina ta yi tsawo, babur zai tsaya tsaye ƙyam, iska kaɗan ta kada shi dama, sai a rage ta. Kan babur zai yi nauyin juyawa, fitila ta haska sama. Bakanike na iya sauke gaba kaɗan don su daidaita, amma ya duba kada tayar gaba ta doki madigadinta. Kuma galibi baya na ƙara laushi, ke nan bai son kaya kamar da.

In ka ɗaga: kai zai yi saurin juyawa, wani lokaci har ya riƙa rawa in ana gudu, abin da ba a so cikin rairayi. Sandar jingina ta gajarce. Ka duba sandar birki ko tiyon birki kada su ɗame. Babban abu shi ne sarƙa. Ta fi ɗamewa lokacin da ƙaramin faifan haƙora na inji, da ƙusar hannun taya, da ƙusar taya suka yi layi ɗaya. A danna babur har su daidaita, a tabbata akwai sauran sako-sako a nan. In babu, sarƙa za ta ci boris ɗin inji ko ta tsinke a hanya.

7. Masu shoka biyu

Ku babu ƙarafan haɗi a naku. Mai son ɗagawa ya sayi shoka biyu sababbi iri ɗaya, masu ɗan ƙarin tsawo. A nan abin da ka ƙara kusan shi kake gani a sirdi, ko ya ɗara kaɗan. Kada a liƙa ma idon shoka guntun ƙarfe, kada kuma a haɗa tsohuwa da sabuwa. Maganar sarƙa da birki ta shafe ku ku ma.

Sannan kowa ya sani, ɗaga babur ba ya ƙara mishi ƙarfin ɗaukar kaya. Firam, taya da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Wanda ke aza tumaki uku da buhun dusa da yaro a baya, ko ya ɗaga ko bai ɗaga ba, ya zarce ƙima.

8. Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a yi wannan aiki jajibirin kasuwa. Ka fara zagaya gari kai kaɗai a hankali, sannan da kaya kaɗan, sannan hanyar daji kusa da gida. Ka sake matse notuna bayan tafiyar farko. Daga nan kowane mako ka goge ƙarafan ka duba bakin huji. In ka ga fenti ya tsage, ko huji ya zama kamar ƙwai, ko jan ƙura na fita daga wurin, ka cire su ranar. Na asalin kuma ka adana su, ranar sayar da babur ka maida, ko ka gaya ma mai saye gaskiya, kamar yadda ake faɗin aibin dabba kafin a sallama.

Manyan fatake, ku duba baburan yaranku da kanku. Su ne ke yawo da dukiyarmu cikin daji, kuma yaro ba ya faɗin abin da ya yi wurin mai walda sai an tambaye shi. Wanda ke da ƙarin sani kan wannan ya aiko, a buga don amfanin kowa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.