Darasi: Faɗan cikin gida da karatun yaro

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta wadda ba a ganin ta a jiki, amma tana cin karatun ƴaƴanmu kamar yadda gara take cin icce. Cutar kuwa ita ce duka da zagi tsakanin miji da mata a gaban yara.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani ba abin kunya ba ne. Ɓarnar tana farawa ne sa'ad da saɓani ya koma mari da sanda.

Yaya girman matsalar yake?

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa mata 6 cikin 10 suna ganin miji yana da hujjar dukan matarsa saboda wani dalili, kamar ƙonewar abinci ko fita ba izini. A shekarar 2017 hukumar UNICEF ta bayyana cewa yaro 1 cikin 4 na ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya yana zaune da uwar da ake cin zalinta a gidan aure. Ashe ke nan abin bai tsaya ga Agadas kaɗai ba.

Me yake faruwa ga yaro?

Idan yaro ya firgita, jikinsa yana fitar da wani sinadari mai suna kwatizol, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri. Wannan yana da amfani ga mai gudun maciji. Amma in tsoro ya zama na kullum, sai ya raunana natsuwa da riƙe karatu.

Ɗan lakwal yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwana jin kukan uwarsa, gyangyaɗi zai yi a aji. Wani ya koma fitsarin kwance, wani ciwon kai ko ciwon ciki. Wani ya yi shiru kamar kurma, wani kuma ya riƙa dukan ƴan uwansa, domin abin da ya gani ke nan.

In uwa ta yi yaji, daga Tudu ko Dagmanet zuwa gidan iyayenta a Tabalot ko Ingal, sau da yawa da yara take tafiya, ko kuwa babbar ɗiya ta bar aji ta riƙe girki. Makarantar firamare aji 6 ce, daga CI zuwa CM2, kowane aji bisa na baya yake hawa. Wanda bai kama haruffa a CI da CP ba, zai yi ta ɗingishi har ya maimaita aji ko ya daina.

Me ya kamata mu yi?

1. Mu daina ɗaga hannu. In rai ya ɓaci, mu fita mu sha iska.
2. Mu kai ƙara gaban magabata, liman ko mai unguwa tun abu bai yi tsamari ba.
3. Malami ya tambayi yaro a keɓe kafin ya kira shi daƙiƙi, ya sanar da darakta da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta.
4. Wadda aka ji wa rauni ta je asibiti. Ƴan sanda da alƙalin yara suna da ikon shiga maganar. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara tun 1990.

Manomin albasa ya san shuka ba ta yin kai a fagen da ake tattakewa. Haka yaro yake.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiyar yaƙi da jahilci

1. Waɗanne alamu ake gani ga yaron da ake faɗa a gidansu?
2. Wa za mu nufa a unguwarmu in maƙwabciya ta nemi taimako?