Za Ku Kai Iyali Accra? Shawarwari Goma ga Mai Sauka a Nima da Maamobi

Zango shi ne wurin da ayarin fatake ke sauke kaya, a ɗaure jakuna, a kwana, gari na wayewa a ci gaba da tafiya. Kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun kafa irin waɗannan zanguna har zuwa Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, 'yan kasuwa da malamai suka watsu zuwa kudu, wasu suka dangana da bakin teku, suka tarar da 'yan'uwansu da aikin soja ya riga ya kai can. Zangon kwana ɗaya ya zama gidan zama, har mutanen Ghana suka riƙe kalmar suna cewa Zongo.

A yau magidanta da yawa daga Kano, Sakkwato ko Maraɗi suna kai iyalansu Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, don biki, ziyarar dangi, saro kaya ko hutu. Unguwannin Nima da Maamobi sun saba karɓar baƙo tun kafuwarsu, kuma za su karɓe ku hannu bibbiyu. Abin da ya rage gare ku shi ne ku zama baƙin da ba su yi wa mai masauki nauyi ba, waɗanda za a yi marmarin dawowarsu.

1. Ku gama da takardu da lissafin lokaci tun daga gida

Ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar ECOWAS ba ya bukatar biza, amma kowa, har jariri, sai da takardar tafiyarsa. Kada ku manta da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa a filin jirgi da kuma kan iyakar Aflao ga wanda ya biyo mota ta Kwatano da Lome. Agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, don haka ku gyara shi saboda salla da alƙawari.

Ruwan sama ya fi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, kuma Accra gari ne mai ambaliya. Mutanen birnin ba su manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a unguwar Circle suka halaka mutum fiye da 150. Mai tafiya da yara ƙanana gara ya zaɓi rani, daga Nuwamba zuwa Maris.

2. Kada ku cushe a ɗakin ɗan'uwa

Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Yawancin gidajen Nima da Maamobi gidajen haya ne na tsakar gida ɗaya, iyalai da dama, kowanne da ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Wasu gidajen ma ba su da banɗaki, sai na unguwa da ake biyan kuɗi a shiga. Idan kuka yi waya kuka ce kuna tafe ku shida, ɗan'uwanku ba zai taɓa cewa babu wuri ba. Kunya da karamci ba za su bar shi ba. Zai tura 'ya'yansa maƙwabta, matarsa ta koma ɗakin wata, shi kuma ya kwana a shago, ya fito da safe yana muku murmushi.

Ku sauƙaƙa masa. Tun a waya ku ce: "Yaya, mun kama masauki kusa da ku, amma wuni da cin abinci a gidanka za mu yi." Ta haka kun ba shi girmansa na mai baƙi, ba ku kuma raba shi da shimfiɗarsa ba. In tsohuwa ɗaya ce ko yaro ɗaya, kwana a cikin dangi ya fi daɗi. In ayari ne, ku nemi otal.

3. Ku zaɓi masauki a kewayen unguwa, ku gan shi da ido kafin ku biya

Nima tana tsakiyar birni, ba ta da nisa da filin jirgin sama. Masaukai masu sauƙin kuɗi sun fi yawa a Kokomlemle, Asylum Down, Adabraka da Accra New Town, duk tafiyar 'yan mintoci in hanya a buɗe take. Mai hali zai sami manyan otal a Ridge, Osu da unguwar filin jirgi. Iyali mai yawa zai fi samun sauƙi idan ya kama gida mai kicin na mako ɗaya, uwargida ta riƙa dafa wa yara abin da suka saba.

Gani ya kori ji. Ku tura wani daga cikin dangi ya duba, ko ku biya kuɗin kwana ɗaya kawai tukuna. A buɗe famfo a ga ko ruwa na zuwa, a tambaya ko akwai janareta, a duba ragar sauro a taga da makullin ƙofa. A kuma lura da irin masu shiga da fita, domin wasu ƙananan masaukai na masu kama ɗaki na awa ɗaya ko biyu ne, ba su dace da mai iyali ba. Wurin da ke manne da mashaya zai hana ku barci a daren Juma'a da Asabar. Masaukin kirki yana da lasisin hukumar yawon buɗe ido ta Ghana a rataye inda kowa zai gani.

4. Gaisuwa kafin komai, tsaraba a hannu

Zumunta a ƙafa take. Ranar farko ba ta yawon buɗe ido ba ce, ta gaishe-gaishe ce. Ku bar mai masaukinku ya zagaya da ku wajen maigidan da yake haya, limamin masallacin lungu, da dattawan da ke zama a ƙofar gida. Idan zamanku zai daɗe ko wata hidima ta kawo ku, a kai ku ku gai da mai unguwa ko sarkin ƙabilarku, domin a zango kowace al'umma tana da shugabanta. Wanda aka san da zuwansa, in ya ɓata hanya ko wani abu ya same shi, unguwa ce za ta tsaya masa.

Tsarabar gida tana da daraja a can: kilishi, daddawa, kuka, turaren wuta, hular zanna, ko littattafan addini bugun Kano. Kome za ku miƙa ko ku karɓa, da hannun dama, domin a Ghana Musulmi da wanda ba Musulmi ba duk suna ɗaukar miƙa abu da hagu a matsayin raini.

5. Kada ku yi wa Hausar zango dariya

Za ku ji Hausa a ko'ina, amma ba ta Kano ba ce. Za a ce "mace ya zo", haruffa masu lanƙwasa su miƙe, kalmomin Turanci da na Twi su shigo cikin zance. Ku ja wa yara kunne tun a hanya kada su kwaikwaya ko su gyara wa babba magana. Wannan Hausar ita ce ta haɗa Bazabarme da Bafulatani, Dagomba da Kotokoli, Mosi da Wangara da Bayarabe, suka zama unguwa ɗaya. Da yawa daga cikin masu yi muku magana da ita ba Hausawa ba ne, sun riƙe ta ne tun daga kakanni. Abin alfahari ne gare mu, ba abin gyara ba.

6. Ku ci abincin unguwa, ku yi tambaya a wajenta

Da asuba ku fita neman koko da ƙosai. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da ɗan yaji, wanda duk Ghana ke kira "Hausa koko". Da hantsi sai waakye, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, a haɗa da taliya, garin rogo, ƙwai, ganda da baƙin yajin nan da ake kira shito. Sunan ma daga "wake" ya fito. Da rana akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo. Da dare kuma ga tsire, wanda suke cewa cicinga, ga burkina ta gero da nono, ga soborodo mai sanyi da suke kira sobolo.

A cikin zango ba ku da shakkar yanka. Da zarar kun fita zuwa Osu ko bakin teku, ku tambayi naman da aka sa a miya, domin naman alade da na daji abinci ne na yau da kullum a wasu gidajen abinci. Kifi da dokunu ko banku, wato tuwon ƙullun masara na can, ba su da matsala. Shito yana da zafi, a sa wa yara kaɗan. Ruwan sha kuwa na kwalba ko na leda.

7. Laraba ta kasuwa ce

Kasuwar Nima tana ci kullum, amma ranar Laraba ce babbar rana, lokacin da hatsi, wake, albasa, doya da kayan yaji ke sauka daga arewa. Uwargida ta je da sassafe tare da 'yar gida wadda ta san farashi. Za ta ga 'yan mata masu ɗaukar kaya a manyan kwanoni, waɗanda ake kira kayayei. Rabin sunan "kaya" ne na Hausa, rabin kuma kalmar "mata" ce a harshen Ga na 'yan asalin Accra. Yawancinsu daga arewacin Ghana suka zo neman na kansu. Ku daidaita lada kafin a ɗora, kada ku lafta wa yarinya abin da ya fi ƙarfinta, kuma in kun ƙara mata wani abu a kai, ba ku yi asara ba. Mai neman atamfa da leshi da yawa sai ya wuce kasuwar Makola. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

8. Ku yi Juma'a a Kanda

Daga Nima ana hango hasumiyoyi huɗu na Masallacin Ƙasa da ke Kanda. Wata gidauniya ta Turkiyya ce ta gina shi bisa fasalin masallacin Sultan Ahmad na Istanbul, aka buɗe shi a Yulin 2021, kuma yana ɗaukar masallata kimanin 15,000. Akwai sashen mata. Ku je da wuri, ku sanya wa yara wurin haɗuwa idan an sallame, saboda cunkoso.

A kan hanya ku ba yara labarin Shehu Usman Nuhu Sharubutu na Fadama, wanda aka haifa a 1919, ya zama Babban Limamin Ƙasa a 1993. A 2019, shekarar da ya cika 100, ya kai ziyara cocin Katolika na Christ the King a lokacin Ista don ƙarfafa zaman lafiya. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na al'ummar Ghana a ƙidayar 2021, kuma suna zaune lafiya da maƙwabtansu. Ku ma ku kiyaye wannan. Ƙasar Accra ta mutanen Ga ce, kuma kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunansu kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikinsu na Homowo. In biki ya kawo ku a wannan lokaci, ku bi abin da masu gida suka ce.

9. Mota, kuɗi da lungu

Motar haya ta talaka ita ce trotro, mai araha amma mai cika. Da iyali gara tasi, ko a kira mota ta Bolt ko Uber a waya. Tasi ta kan titi ba ta da mita, a yi ciniki kafin a shiga. Ku guji fita tsakanin ƙarfe 7 zuwa 9 na safe da kuma bayan la'asar, lokacin da hanyoyi ke cushewa. Kuɗin ƙasar sidi ne, ku canza a banki ko gidan canji mai lasisi, ku karɓi rasit. Lungunan Nima ƙanana ne, suna shiga juna, kuma akwai manyan kwatoci a buɗe, musamman wanda ya ratsa tsakaninta da Maamobi. A riƙe hannun yaro, a sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar uba. In rashin lafiya ta taso, asibitin Maamobi da asibitin soja na 37 duk suna kusa.

10. Rana ɗaya ta birni, rana ɗaya ta tarihinmu

Ku ware yini guda ku gangara bakin teku. Ku fara da wurin tunawa da Kwame Nkrumah, inda kabarinsa yake, a filin da ya shelanta 'yancin Ghana a Maris na 1957. An gyara wurin, aka sake buɗe shi a 2023. Daga nan sai Dandalin 'Yanci mai ƙofar baƙin tauraro, sai Jamestown, inda hasumiyar jiragen ruwa da tsofaffin ganuwoyin Turawa suke. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, a kai shi bakin tekun Labadi da safe a ranar aiki kafin wurin ya cika, amma kada a bar shi ya shiga ruwa, igiyar tana da ƙarfi.

Rana ta biyu kuma ku ba zango. Ku je Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, bayan tsohon zangon tsakiyar gari ya cika. Ku dawo Nima, wadda ta fara a matsayin makiyayar shanu lokacin da Malam Amadu Futa ya karɓi filin daga hannun mutanen Ga a farkon shekarun 1930. Ku nuna wa samari zanen da matasan unguwa suka ƙawata bangaye da shi, ku gaya musu a waɗannan lunguna Mohammed Kudus ya fara buga ƙwallo kafin ya kai Turai.

Bayan la'asar ku zauna da dattawa, ku faɗi garinku da sunan kakanku. Dokar korar baƙi ta 1969 ta raba gidaje da yawa, wasu suka koma Najeriya da Nijar, wasu suka zauna. Ba abin mamaki ba ne wani tsoho ya ɗaga kai ya ce ya san gidanku, ko ya aika a kira jikan ƙanen kakanku. Ku rubuta sunaye da lambobi a littafi, yara suna kallo.

Ranar tafiya, ku sake zagayawa ku yi sallama da duk wanda kuka gaisar ranar zuwa. Uwargida ta bar wa matar gida buhun shinkafa ko kuɗin cefane a asirce, ba a gaban mutane ba. Kafin ku shiga mota, ku tsayar da lokacin da su ma za su zo, ku ce musu ɗaki na nan a share yana jiransu.