Gishiri a Ruwan Kifi: Magani Ne, Amma da Awo



A hutun da ya wuce na je Kalgo wajen kawuna, wanda yake kiwon tarwaɗa a tankin siminti a bayan gidansa. Da zan dawo Gwandu ya ba ni 'ya'yan tarwaɗa goma a cikin jarka. Muna isowa na juye su a bokiti mai cin lita 10, sai na ga sun yi laushi. Na tuna na taɓa ganin Kawu yana zuba gishiri a tankinsa, don haka na cika gwangwanin madara da gishiri na juye musu. Kafin magariba bakwai sun mutu. Innata ce ta yi maza ta canja wa sauran ukun ruwa, suka tsira.

Da aka koma makaranta na tambayi malaminmu na aikin gona ko gishiri guba ne ga kifi. Ya ce a'a, magani ne, awona ne ya yi yawa. Ga abin da na koya.

Me ya sa gishiri yake taimakon kifi?

Ku yanka gurji ku barbaɗa masa gishiri. Bayan ɗan lokaci za ku ga ruwa yana tsattsafowa. Dalili shi ne ruwa yakan bar inda gishiri ya yi kaɗan ya nufi inda ya fi yawa. A darasin kimiyya ana kiran wannan osmosis.

Jinin kifi yana da gishiri kimanin giram 9 a kowace lita, amma ruwan gulbi ko na rijiya kusan babu gishiri a cikinsa. Saboda haka kullum ruwa yana shiga jikin kifin ta mashaƙarsa, wato jan naman nan na gefen kansa da yake numfashi da shi, gishirin jikinsa kuma yana zurarewa waje. Kifin yakan yi fitsari da yawa don ya fitar da ruwan, mashaƙarsa kuma ta riƙa jawo gishiri daga ruwa don ta cike gurbi. Lafiyayyen kifi yana yin wannan aiki ba tare da wahala ba. Amma wanda ya sha jijjiga a mota, ko ya ji rauni a hannu ko a koma, yakan rasa gishiri fiye da yadda zai iya mayarwa. Ɗan gishiri a ruwansa yana rage masa wannan aiki har ya farfaɗo.

Akwai amfani na biyu. Kashin kifi da ragowar abinci idan suka ruɓe a ruwa suna haifar da wani sinadari mai suna naitirait. Idan ya shiga jinin kifi yakan hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Gishiri yana rage shigar wannan sinadarin ta mashaƙa. Na uku, yana taimakawa wajen yaƙar wasu ƙananan ƙwayoyin da ke manne wa fatar kifi, da farin abin nan mai kama da auduga da yake fitowa a kan rauni.

To me ya kashe nawa?

Mu yi lissafi. Gwangwanin madara yana cin gishiri kusan giram 200. Na zuba shi a lita 10, ke nan giram 20 a kowace lita. Wannan ya ninka gishirin jinin kifin sau biyu, kuma ya wuce rabin na ruwan teku, wanda yake da kimanin giram 35 a lita. Sai abin ya juya: ruwa ya riƙa fita daga jikinsu kamar yadda yake fita daga gurji. Ga shi tarwaɗa ba ta da ɓawo irin na gargaza, kuma nawa ƙanana ne.

Yadda ake yi daidai

1. Ka san yawan ruwanka. Ledar fiya wata rabin lita ce, don haka leda 20 ita ce lita 10.

2. Ga kifin da ya gaji, giram 1 zuwa 3 a kowace lita ya isa. Ƙaramin cokalin shayi da aka shafe bakinsa yana ɗaukar kimanin giram 5. Bokitina cokali huɗu yake buƙata, ni kuwa na zuba ninkinsa goma.

3. Ka narkar da gishirin a kofi tukuna, sannan ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana kallon kifin. In ka ga yana birkicewa ko yana haƙi a saman ruwa, ka ƙara ruwa mai daɗi nan take.

4. Tsagwaron gishiri za ka sa. Kada ka sa kanwa ko ɗanɗanon miya.

5. Rana tana ƙafar da ruwa amma ba ta ɗauke gishiri. Idan ruwan ya ragu saboda zafi, ka cika da ruwa zalla. Idan kuwa ka kwashe rabi ka zubar, gishirin rabin kawai za ka mayar.

6. Bayan 'yan kwanaki, in kifin ya warware, ka riƙa canja ruwan har gishirin ya ƙare. Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi su lura cewa yawancin tsirran ruwa ba sa jure gishiri.

Malam ya ƙara da cewa gishiri ba ya wanke ƙazamin ruwa. In ruwan yana wari, canja shi ne magani na farko. In kuma kifi suna ta mutuwa, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona.

Kifayena uku suna nan, yanzu kowanne ya kai tsawon tafin hannuna. Da na kira Kawu na ba shi labari, ya ce: "Ɗana, ka ga ina zubawa, amma ba ka ga ina aunawa ba." Gaskiyar Hausawa, matambayi ba ya ɓata.

Tambayar wannan mako: jarka mai lita 25, ana son giram 2 a kowace lita. Cokalin shayi nawa za a zuba? A kai amsa ga 'yan ƙungiyar manema labarai kafin ranar Juma'a.